Ranar da Saura-Biyu Ya Gyara Ƙwaƙwalwa

A ƙarshen layi, tsakanin shagon tela da rumfar mahauci, akwai wani mai gyaran kayan lantarki da ya raɗa wa kansa suna Injiniya, har ya sa aka rubuta masa a allo da jan fenti. Sai dai ba mai kiransa da wannan suna sai mai neman tsokana. Sunan da ya kama shi, ya bi shi har cikin gida, shi ne Saura-Biyu. Dalili kuwa, tunda yake bai taɓa kwance abu ya mayar ba tare da wani abu ya ragu a kan tebur ba. Rediyo ne, fanka ce, dutsen guga ne, da ya gama ɗaurewa sai a ga noti biyu ko wasu 'yan ƙarafa zaune suna kallonsa. Sai ya ɗauka ya jujjuya, ya taɓe baki, ya ce, "Almubazzarancin kamfani." Ya jefa su cikin wani tsohon gwangwanin fenti da ke ƙarƙashin tebur. Shekara talatin yana wannan aiki, gwangwani ya cika har sai an danna murfin da ƙafa. Fankokin layin kuwa kowacce da irin kukanta.

Abu guda da Saura-Biyu ke so fiye da jin muryar kansa shi ne 'yarsa Auta, wadda ke makarantar koyon aikin jinya. Duk wanda ya zauna a bencinsa sai ya ji cewa kan ubanta ta ɗauko. Abin da ba ya faɗa shi ne Auta ta taɓa faɗuwa jarrabawar ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya, ba don rashin sani ba, sai don in aka tsare ta da ido bakinta kan mutu. Dokar makarantar kuwa, wanda ya faɗi darasi ɗaya sau biyu sai ya tattara nasa ya nasa ya koma gida. Saboda haka malamarsu, wata mai gilashi da ba a taɓa ganin haƙorinta ba, ta tausaya ta ara mata mutum-mutumin da ake koyarwa da shi, na kwana ɗaya tak. Shi kaɗai makarantar ke da shi. Ta kuma gindaya sharaɗi cewa gobe ƙarfe goma sha biyu ya kasance a kan teburin jarrabawa cif, ba abin da ya ɓace, domin ɗalibai ashirin za a gwada a kansa.

Da la'asar Auta ta shimfiɗa tabarma ta buɗe akwatin. Kai ne na roba, ƙoƙonsa na buɗewa kamar murfin tukunya, ga ƙashin baya ya sauko har ƙugu. A ciki ƙwaƙwalwa ce gunduwa-gunduwa, kowace da launinta, sai wata doguwar farar roba mai laushi da ta bi ta tsakiyar ƙashin bayan. Saura-Biyu ya zo ya tsaya a kanta, hannuwa a baya.

"Wannan ita ce babbar ƙwaƙwalwa," in ji Auta, tana biya wa kanta. "Gabanta, bayan goshi, shi ke shawara da tsara aiki da hana mutum yin abin da zai ji kunya. Gefe, wajen kunne, ji da tuna abin da ya wuce. Can ƙeya kuma gani."

"Dakata," in ji uban. "Gani a ƙeya? Ido yana gaba?"

"Haka yake, Baba. Jijiya ce ke ɗaukar saƙo daga ido ta kai shi baya."

"Asarar waya ke nan. Ci gaba."

"Ɓarin dama shi ke juya hagun jiki, na hagu kuma ke juya dama."

Saura-Biyu ya tafa hannu. "An haɗa waya a juye! Da rediyo aka kawo min a haka, da na ce a kamo min wanda ya haɗa."

Maman Auta tana gefe tana ninke wanki. Ba ta ɗago ba ta ce, "Baban Auta, halitta fa kake ja da ita."

"Ni ban ja da halitta ba. Da kamfanin roba nake. Gani suka yi a littafi suka kwafa a juye."

Auta ta yi kamar ba ta ji ba. Ta ɗaga wata 'yar dunƙulalliya mai zane-zane ta ce wannan ce ƙaramar ƙwaƙwalwa, a ƙarƙashin ƙeya take zama, ita ke daidaita tsayuwa da tafiya, in ta taɓu sai mutum ya riƙa tangaɗi. Ta ɗaga wani guntu mai kama da yatsa ta ce wannan ne kututture, shi ke riƙe da numfashi da bugun zuciya, ko mutum na barci shi yana bakin aiki. Sannan ta shafa farar robar.

"Wannan ce laka. Duk saƙon da ke tsakanin kai da jiki ta nan yake bi. In ta yanke, abin da ke ƙasa da wurin ya daina ji, ya daina motsi. Wani lokaci ma ba ta jiran kai. In ka taɓa wuta, ita ke fizge hannu tun kai bai san abin da ake ciki ba."

"A jikin wasu dai," in ji Saura-Biyu. "Ni gaɓa ba ta motsi a jikina sai ta zo ta durƙusa ta nemi izini."

Auta ta rufe akwatin, ta dubi ubanta da idon wadda ta san hali. "Baba, don girman Allah kada ka taɓa."

"Ni? Me zan yi da kan roba?"

Yana faɗin haka ne alhali dabarar ta riga ta shige shi ta yi ɗaki. Washegari Auta ta fita tun ƙarfe bakwai, domin dole ta fara zagayen marasa lafiya kafin jarrabawa, aka shirya mamanta ta kai mata akwatin ƙarfe goma sha ɗaya. Maman Auta na shiga bayan gida da bokitin wanki, Saura-Biyu ya sunkuci akwati, sai shago.

"Tela! Mahauci! Ku zo ku ga abin da za ku ba jikokinku labari."

Tela ya fito da awo rataye a wuya. Mahauci ya biyo shi yana goge hannu. Saura-Biyu ya dire kan roba a tebur ya bayyana musu shirinsa. Kowane sashe na ƙwaƙwalwar zai sa masa ɗan ƙwan fitila da makunni, in malama ta ce ina wurin ji, sai a danna wurin ya kama da haske. Sannan zai gyara kurakuran kamfani guda biyu. Ƙarfe goma sha biyu zai shiga makarantar da kansa ya ajiye a gabansu.

"Daga ranar nan, duk makarantar jinya sai ta yi layi a ƙofar shagon nan. Tela, ka fara neman wani wuri, don zan fasa bangon nan in faɗaɗa."

"Auta ta sani?" in ji tela.

"Mamaki nake so in ba ta."

"Za ta sha shi kuwa."

Saura-Biyu ya buɗe ƙoƙon kan, ya kife shi a tebur, gunduwoyi suka zubo. Bai tsaya duba wanne ke bin wanne ba, domin a ganinsa masu koyo ne ke wannan. Ya haɗa ɓari biyu na babbar ƙwaƙwalwa, ya ɗaga sama yadda kowa zai gani, sannan ya juya ta, gaba ya koma baya.

"Ku duba nan. Wurin gani ya dawo bayan ido, inda ya dace. Dama ta koma hagu, hagu ta koma dama, waya ta miƙe. Juyi ɗaya, matsala biyu. Kamfani guda ya kasa, ni ko zama ban yi ba."

Ya cusa ta cikin ƙoƙo, ta ƙi shiga. Ya danna da tafi, ta ƙi. Ya sauke kan ƙasa ya sa gwiwa, robar ta yi wata ƙara, ta shige a karkace.

Mahauci ya sosa ƙeya. "Injiniya, ni ban yi boko ba, amma kan rago nawa na fasa a duniya? 'Yar dunƙulalliyar nan ƙarƙashin babbar take zama, ta baya. Yadda ka juya ɗin nan ka cinye mata wuri."

"Kai kan da ya gama aiki ka sani. Ni na masu aiki nake gyarawa."

Ya kama farar robar ya zare ta daga ƙashin baya tsaf, ya leƙa ramin ya yi murmushi. Ya ce hanya ce mai kyau ta waya, kamfani ya ɓata ta da roba. Ya zura wayoyinsa ja da baƙi har suka fito ta ƙugu.

"Laka fa ka cire," in ji mahauci. "Na taɓa ganin akuyar da mota ta buge a gadon baya. Gabanta na tafiya, bayanta ana ja."

"Akuya ka ce, ko?"

Ya jona ƙarfen narka dalma ya yi zafi, ya fara liƙa wayoyi yana ba su tarihin ranar da ya gyara janareto da ido a rufe. Idonsa na kan tela, bakinsa na aiki, sai bakin ƙarfen ya sauka a babban yatsansa na hagu. Hannun bai nemi izinin kowa ba. Ya yi sama da ƙarfi, gwiwar hannu ta sami tela a hanci, ɗaya hannun ya saki ƙarfen. Sai bayan duk wannan ne Saura-Biyu ya ji zafi ya ce, "Wayyo!"

Tela ya dafe hanci. "Ban ga ya durƙusa ba."

"Wa?"

"Hannun. Auta ta ba matata labari jiya, wai gaɓoɓinka sai sun nemi izini."

"Na ba shi tun da safe," in ji Saura-Biyu, yatsa a baki.

Mahauci ne ya fara jin ƙauri. Ƙarfen ya faɗa kan ƙwaƙwalwar ya nutse a ciki, hayaƙi na tashi. Kafin a zare shi ya yi rami baƙi wanda ɗan yatsa zai shiga. Saura-Biyu ya leƙa ramin. Ya ce dama a nan yake son huda, ƙarfen ne ya riga shi. Ya yanko baƙin salatif ya rufe wurin. Murfin kai ya ƙi rufuwa saboda wayoyi, shi ma ya naɗe shi da salatif zagaye uku. Sauran ƙwan fitila biyu da bai sami inda zai sa ba ya liƙa su a kan idanun. Ya ja da baya ya karkaɗe hannu.

A kan tebur ga 'yar dunƙulalliya, ga guntu mai kama da yatsa, suna zaune suna kallonsa.

"Saura biyu," in ji tela a hankali.

Saura-Biyu ya ɗauka ya jujjuya, ya taɓe baki. "Almubazzarancin kamfani."

"Wancan fa da shi aka ce ake numfashi," in ji tela.

"Ka ga yana numfashi? Roba ce."

Ya jefa su gwangwani ya danna murfi da ƙafa. Agogo ya nuna sha biyu saura kwata. Aka sa kai a akwati aka ɗora bayan babur, aka nemi igiya aka rasa. Idonsa ya faɗa kan laka tana kwance a benci. Ya ja ta ya ji tana miƙewa, ya ce ai ga amfaninta. Ya zagaya akwatin da ita ya ƙulle tam. Tela ya hau baya ya tallafe, mahauci ya hau kekensa yana cewa wannan kallo ko rumfa za ta ƙone ba zai bari ya wuce shi ba.

Ɗakin jarrabawa dogo ne, fankoki huɗu na juyawa, ɗalibai ashirin cikin fararen kaya sun jeru a benci. Malama na zaune bayan tebur tana duba agogon hannunta. Auta na tsaye bakin ƙofa tana leƙen mamanta. Da ta ga ubanta rungume da akwati, ga tela da kumburarren hanci, ga mahauci, sai ta tare su da sauri.

"Baba, ina Mama?"

"Kwantar da hankalinki. Yau za ki san ɗiyar wa ce ke."

Ya wuce ta, ya gaida Malama, ya ce shi ne Injiniya, mahaifin Auta, ya kawo wa makaranta ci gaba. Ya fito da kan. Kai naɗe da baƙin salatif, wayoyi na reto ta ƙugu, ƙwan fitila a kowane ido. Kafin Malama ta buɗe baki ya nemi soket a bango ya jona.

Idanun suka kama da jan haske. Wata ɗaliba ta yi ƙara ta haye benci. Saura-Biyu ya ce a dakata, ba a ga komai ba tukuna, ya danna makunnin da ya rubuta wa "ji". Wani abu ya ce fat a cikin bango. Idanun suka mutu, fankoki huɗu suka rage gudu suka tsaya, daga sauran azuzuwa aka ji ana tambayar wa ya ɗauke wuta.

Malama ta tashi. Ba ta ɗaga murya ba, wanda ya fi tsawa ban tsoro. Ta sa almakashi ta yanke salatif ɗin kan, murfi ya yi tsalle da kansa. Ta leƙa ciki ta daɗe.

"Wa ya juya wannan?"

"Gyara ne, Malama. Ido yana gaba, sai ga wurin gani..."

"Ina ƙaramar ƙwaƙwalwa? Ina kututture?"

"Waɗannan ƙari ne. Ba sa hana komai."

"Ina laka?"

"Laka tana nan lafiya. Tana waje tana aiki."

Tela ya ce, "A jikin babur take, ranki ya daɗe."

Wani ɗalibi ya tuntsire da dariya, Malama ta dube shi, dariyar ta koma ciki. Sannan ta juya ga Auta.

"Ke na ba amana, ba mahaifinki ba. Mutum ashirin sun zo jarrabawa, babu abin gwaji. Mai jinyar da ba ta iya tsare roba ba, ba zan ba ta mai rai ba. Tattara littattafanki."

Auta ta sunkuyar da kai. Bakin nan nata ya mutu kamar yadda ya saba, hawaye kawai ke zuba. Ta juya ta fara ɗaukar jakarta.

Saura-Biyu ya tsaya yana kallon bayan 'yarsa. Ya tuna shekara biyu tana fita da sassafe, ya tuna yadda take wanke farar rigar nan da hannu ta goge ta da dutsen gugar da shi ya lalata. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba, da kunya mai nauyi. Shekara talatin bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, har bai san ta inda ake fara faɗa ba.

"Malama," ya ce. "Yarinyar nan ta roƙe ni da girman Allah kada in taɓa. Satar akwatin na yi, uwarta na wanki. Ni na juya, ni na ƙona, ni na zubar. Ban san komai a kan ƙwaƙwalwa ba. Fankar ma da nake gyarawa..." Ya matso gaban teburin. "In kora ce, ni za a kora."

"Kai ba ɗalibina ba ne, Malam."

"To a ɗauke ni a kore ni."

Daidai nan aka ji sallama. Maman Auta ce, gumi na zuba, ɗauke da tsohon gwangwanin fenti a ka, farar laka a hannu wadda ta kwanto daga babur. Ta sauke gwangwanin a kan benci, ta ɓalle murfi da ƙyar, ta ɗauko guntayen nan biyu daga sama ta ajiye gaban Malama.

"Ranki ya daɗe, ki yi haƙuri. Shekara talatin ina aure da shi. Duk abin da ya ce ya gyara, ran abin yana cikin gwangwanin nan. Da na ga ba akwati, ban ma nemi shi ba, shago na nufa na ɗauko gwangwanin."

Malama ta dubi guntayen, ta dubi Auta, ta dubi agogo.

"Ajiye jakar. Minti goma sha biyar. Ki fitar da tarkacen nan, ki mayar da komai wurinsa, kina faɗin aikin kowanne da ƙarfi. Ita ce jarrabawarki. Kika yi shiru, kin tafi."

Ido arba'in na kanta, ban da na tela da na mahauci. Amma yau haushi ya fi tsoro yawa a cikin Auta, kuma ba Malama take kallo ba, ubanta take kallo. Ta fizge wayoyi ta zubar. Ta ciro babbar ƙwaƙwalwa ta juya ta daidai.

"Wannan gaba yake zama, Baba, bayan goshi. Shi ke cewa mutum tsaya, ka yi tunani, abin nan ba naka ba ne."

"Na ji," in ji uban.

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, muryarta na ƙara ƙarfi. Gani a ƙeya. Ji da tunawa a gefe. Dama na juya hagu, hagu na juya dama, kuma ba kuskuren kowa ba ne. Ta sa kututture ta ce wanda ya rasa wannan ko numfashi ɗaya ba zai ƙara ba. Ta sa ƙaramar ƙwaƙwalwa a ƙarƙashin ƙeya, ta shige ɗas, mahauci ya ce, "Na faɗa!" Ta zura laka, wadda ta ɗan ƙara tsawo saboda wahalar babur. Ta rufe murfi ya rufu. Saura-Biyu ya dubi tebur, ya leƙa ƙarƙashinsa, bai ga ko noti ba. Abin ya ba shi mamaki ƙwarai.

"Laka ta sha wuya," in ji Malama. "Nuna min aikinta a jikin mai rai. Malam, hau tebur ka saki ƙafafu."

Ya hau. Ganin an fara samun sauƙi, sai tsohon hali ya fara leƙowa. Da Auta ta ɗauko 'yar gudumar roba ta ce za ta buga ƙasan gwiwa ƙafa ta harba da kanta, sai ya gyara zama.

"Na saki ƙafa, amma ina gaya muku ba inda za ta je. Na shago tsautsayi ne, ban shirya ba. Yanzu kuwa ina sane."

Ya sarƙe yatsun hannuwansa yana ja, ya cije haƙora. Malama ta ce da ɗalibai su lura, wannan da yake yi ƙara wa abin ƙarfi yake. Bai gane ba. Auta ta buga.

Ƙafa ta tashi ta sami gwangwanin da ke kan benci. Gwangwani ya kife. Aikin shekara talatin ya watse a siminti da ƙara, notina da kusoshi da 'yan ƙarafa suna gangarawa har ƙarƙashin ƙafafun ɗalibai.

"Saƙon bai je kai ba," in ji Auta. "Daga gwiwa zuwa laka, daga laka ya dawo."

Ba wanda ya ji ƙarshen maganar sai Malama, domin tela ya riga ya durƙusa. Ya ɗago wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa.

"Na keken ɗinkina ne! Shekara shida yana tsallake ɗinki, ka ce min zare ne ba shi da kyau!"

"Ga na ma'aunina," in ji mahauci. "Shi ya sa mata ke zagina!"

Maman Auta ta tsinci wani ɗan maɓalli ta hura masa iska ta ɗaure a bakin zane, ta ce na dutsen gugarta ne, sun daɗe ba su gaisa ba. Ɗalibai suka kasa riƙe dariya, ɗakin ya ɗauka. Har Malama sai da ta juya baya ta gyara gilashi.

Da aka lafa, ta sake buɗe kan, ta ɓare guntun salatif ɗin da ya rage. Ramin ƙuna ya bayyana, baƙi ƙirin.

"Tambaya ta ƙarshe. Wane wuri ne wannan, kuma me zai sami wanda ya ji rauni a nan?"

Auta ta duba da kyau. "Ɓarin hagu ne, ta gaba, ƙasa kaɗan. Wurin da ke harhaɗa magana ne. Wanda ya taɓu a nan yana ji, yana gane abin da ake faɗa, amma magana ba ta fitar masa sai da ƙyar."

Malama ta yi rubutu a takarda ta rufe biro. "Kin ci. Ramin ma a bar shi, daga yau yana cikin tambayoyi. Na gaba ya taso."

Auta ta rufe fuska da tafi biyu. Saura-Biyu na zaune a kan tebur, ƙafafu na reto, idanunsa sun cika da ƙwalla don murna. Ya buɗe baki ya rufe. Tela ya ce tunda yake bai taɓa ganin Injiniya ya yi minti guda shiru ba, a duba ko ƙunar ta shafe shi. Shirun ya kai kusan minti biyu. Sannan Saura-Biyu ya share ido, ya ɗaga kai ya dubi fankokin da suka tsaya.

"Malama, wutar nan da ta ɗauke, ƙaramin aiki ne. In kika ba ni minti biyar da sukudireba..."

Maman Auta ta daina tsintar notina. Ta miƙe ta kamo hannun 'yarta, ta jawo ta gaban teburin, ta cire wa mijinta hula.

"Auta, wurin nan da kika faɗa yanzu, nuna min daidai inda yake a kan babanki. Ƙarfen yana shago, na san inda yake ajiye shi."